Jan Fenti da Ƙullin Kaba a Gonakin Dakko

An daɗe ana faɗa a ofishinmu na gandun daji cewa abu biyu ba za su taɓa yiwuwa a ƙasar nan ba. Na farko, mai gidan burodi ya kunna tanderunsa ba tare da an kayar da itace mai rai ba. Na biyu, manomin ƙasar Bakura ya bar tsiro ya girma a tsakiyar gonarsa da yardar ransa. Manyanmu da suka koya mana aiki sun faɗa, abokan aikina sun maimaita, har maganar ta zama kamar wani sashe na doka. Tun da na ajiye aiki, ku da kuka gaje mu kuke tambayata yadda aka yi kurmin marke na ƙauyen Dakko, a ƙasar Bakura, ya tsira. Zan faɗa muku, domin a gabana aka yi.

Saboda waɗanda ba su san aikinmu ba, malamin daji shi ne mai tsaron gandun gwamnati. Shi ke duba buƙatar mai son sare itace, ya rubuta ra'ayinsa, shugaban shiyya ya sa hannu ko ya ƙi. Wanda aka kama ya sara ba izini, a ci shi tara. Iyakar gandu kuwa, tun zamanin Turawa, da jan fenti ake nuna ta a jikin itatuwa. A lokacin ni ne jami'i mai kula da ɓangaren Bakura, ina zaune a Talata Mafara, kuma ba a taɓa samuna da karɓar ko goro a bakin aiki ba.

Har yau ina ganin ranar da Alhaji Isiyaka mai burodi ya shigo ofishina, ana tsakiyar zafin bazara. Mun san juna, ba kuma sanin alheri ba. Shekarun baya na taɓa tare motarsa a hanyar Maradun, an lulluɓe ta da karan dawa, ƙarƙashi kuwa gumagumai ne na ɗanyen marke. Itacen gidan burodinsa daga dazuzzukan Gidan Goga da Janbako yake fitowa. Da tsaro ya lalace, masu itace suka daina shiga dajin, sai ya shigar da buƙatar a ba shi kurmin marke da ke bakin fadamar Dakko ya sare. Tsofaffin itatuwa ne, su ke riƙe da gaɓar rafi, a inuwarsu makiyaya ke hutar da shanu. Na rubuta cewa ban amince ba.

Bayan mun gaisa, mun tambayi gida da iyali da gajiya da zafi, sai ya gyara zama.

"Malam Umaru, na san huskarka ba ta maraba da ni."

"Fuskata tana tuna motar kara, Alhaji."

"Haba Malam! Wancan aikin direba ne, tuni na sallame shi."

"Shi wanda na gani jiya yana sauke fulawa a ƙofarka?"

"Ƙanensa ne. Kama gare su kamar an tsaga kara."

Ban yi dariya ba. Ya ce ya zo da wata shawara ce daban. A hanyarsa ta zuwa Bakura ya ga hayaƙi yana tashi a gonaki, manoma suna sassabe. Sassabe shi ne sharar gona kafin damina: a sare duk tohon sabara da kalgo da ya fito daga kututture, a tara, a cinna wuta. Ya ce zuciyarsa ta yi zafi, domin itace ne ke tashi sama a banza, alhali tanderunsa yana shirin yin sanyi. Yana so manoman Dakko su riƙa barin toho mafi ƙarfi a kowane kututture, su sare sauran su ɗaure dami-dami, shi ya saya. Bana siraran sanduna, baɗi rassa, gaba kuma gona ta cika da itace mai ba da reshe kowace shekara ba tare da an kayar da shi ba. Zai rage bakin tanderu don ya riƙe zafi. Abin da yake nema gare ni shi ne takardar ɗaukar rassa, da kuma in raka shi wurin maigari.

Shawarar ta yi kyau ƙwarai, shi ya sa ban yarda da ita ba. Na san takardar ɗaukar reshe tana iya zama bargon da za a rufe gungume da shi. Na kai maganar ga shugabanmu na shiyya, wanda mutum ne mai sanyin hali amma ba ya son a kai ƙararsa sama. Ya saurara, ya cire tabarau, ya ce:

"Malam Umaru, masu shayi sun zo mini, ma'aikatan gidan burodin sun zo. Garin nan ba zai wayi gari ba burodi ba. Na ba ku zuwa ruwan shuka. In na je Dakko na ga toho a tsaye a gonaki, na soke buƙatar marke. In ban gani ba, zan sa hannu."

Muka je Dakko. Maigari ya tara manoma, na shiga gona da kaina na nuna musu yadda ake zaɓen toho da yadda ake sara a karkace don kada ruwa ya zauna. Suka ce, "To, Allah shi sa albarka." Wanda ya yi aiki a ƙauye ya san wannan ba amsa ba ce. Amma da Alhaji ya fara karɓar dami a bakin hanya, wasu suka gwada, har gonakin yamma da gari suka fara nuna alama. Sai aka tura ni Maradun wani aiki na 'yan kwanaki.

Ranar da na dawo, na tarar da Alhaji a ƙofar ofis, hula a hannu.

"Malam, sun sare. Duk abin da aka bari sun sare shi."

Na dube shi na daɗe. A raina na ce, ga inda aka nufa tun farko: a gwada don a ce an gwada, a lalata, shugaba ya sa hannu.

"Alhaji, wa zai amfana in tohon nan ya faɗi?"

"Mi kake nuhi?"

"Ina nufin marke ya fi sabara ci a tanderu, kuma kai ka fi kowa sani."

Ya rantse da girman Allah, ya ce ko ɗan yatsansa bai taɓa ba. Na ce rantsuwa ba ta cikin kayan aikina, mu je in gani.

Abin da na tarar a gonakin bai yi kama da aikin ɓarawon itace ba. Ɓarawo yana sara ya ɗauka. Nan kuwa ba a ɗauki ko sanda ba. An sare tohon ƙasa-ƙasa, an tara shi a kan kututturen, an ƙone duka, kamar ana son ɓatar da shaida. Na sa sandata na tona tokar. Sai ga guntun sabara da wuta ba ta cinye ba, da jan fenti zagaye da shi.

"Wa ya shafa wannan?"

"Ni na sa ma'aikatana," in ji Alhaji. "Na ga wasu suna kuskure, suna sare wanda ya kamata a bari. Akwai ragowar fentin ƙofar gidan burodi, na ce a shafa wa na bari don kowa ya gane."

Sai ga mai gonar da muke tsaye a ciki ya iso. Sunansa Malam Hantsi, dattijo ne mai kaifin baki, wanda mutanen garin ke sauraro fiye da yadda suke nunawa. Ya gaishe ni cikin ladabi, amma idonsa yana kan guntun da ke hannuna.

"Baba Hantsi, kai ka ƙone?"

"Ni na ƙone, Malam. Gonar kakana yau tana cikin gandu. Da wanga jan aka fara, ubana ya nuna mini itacen. Mun ga malamin daji ya shigo gona, mun ga mai kuɗi yana bin shi, mun wayi gari mun ga ja. Mi ya rage mu jira?"

A nan ne tushen abin da manyanmu suka ce ba zai yiwu ba. Manomi ba ƙin itace yake yi ba. A saninsa, tsiro nasa ne muddin yana ƙarami. Da ya girma ya zama na malamin daji: ka sare reshe a ci ka tara, ka bar shi ya yi yawa a ce gonar ta zama daji. Don haka yake kashe shi tun yana toho. Alhaji ya ɗauko alamar da suka fi tsoro a duniya ya shafa wa abin da yake roƙon su kiyaye.

Hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma, yana watsewa. Gonakin gabas da gari ba a gama sassabensu ba, su kaɗai suka rage mana. Na tuna wata al'ada ta yankin da na sha gani a yawon aiki: wanda ya ɗora amya a itace, ko yake jiran ɗorawarsa ta nuna, yakan ƙulla kaba a reshe, kowa ya gani ya san da mai shi, ya kauce. Na koma wurin shugaba na nemi izinin in faɗa a bainar jama'a cewa sabara da kalgon da mutum ya raina a gonarsa, ya ƙulla musu kaba da hannunsa, nasa ne, ya sare reshe ko ya bari, ba tara. Ya ce, "Na yarda. Amma in abin ya lalace, da sunanka za a kira shi."

Na sa kakina cikakke, da hula da bel, domin ina so su san bakin gwamnati ne ke magana. Maigari ya tara mutane a gonar Malam Hantsi ta gabas. Na faɗi maganar a fili, na maimaita, na ce ba wanda zai sake kawo fenti ƙasar nan. Mutanen suna kallona kamar yadda na kalli Alhaji a ofis.

Malam Hantsi ya fito da gatari a kafaɗa da kaba a hannu. Ya nufi wani kalgo da ya tsere wa sassaben bara, ya kai tsayin mutum, shi ne mafi kyau a gonar. Ya ƙulla masa kaba a hankali, ya juyo.

"Malam, yanzu wanga nawa ne?"

"Naka ne, Baba."

"Ko na gwamnati ne da aka ba ni aro?"

"Naka ne."

"To, in nawa ne, ina so in sare shi."

Alhaji ya yi salati da ƙarfi. Maigari ya sunkuyar da kai. Idon kowa ya koma kan aljihun kakina, inda suka san littafin tara yake. A tsawon aikina ba a taɓa ɗaga gatari kan itace mai rai a gabana na yi shiru ba. Na haɗa hannuwana a baya, na ce, "Bismillah."

Ya sara. Ya sake sara. Kalgon ya kwanta. Ya tsaya yana haki yana dubana, ni ma ina dubansa. Ban motsa ba.

"Alhaji," in ji shi, "zo ka ɗauki kayanka, kada ka suma muna a gona."

Mutane suka fashe da dariya. Shi kuwa ya wuce kututture na gaba, ya zaɓi toho mai ƙarfi, ya ƙulla masa kaba, ya sare na kewaye, ya bar shi tsaye. Kafin azahar, ana ta aika gida a kawo kaba.

Shugaba ya zo kafin ruwa ya sauka, ya zagaya gonakin gabas, ya soke buƙatar marke. Shekarar farko ba ta yi wa Alhaji daɗi ba. Ya rufe tanderu ɗaya, masu shayi suka yi ƙorafi cewa burodinsa yana ƙanshin sabara. Daga baya rassa suka yi kauri, manoman wasu ƙauyuka suka shigo, ya sake buɗewa. Mata suka daina tafiya mai nisa neman itacen girki, a lokacin da nisan nan ya zama haɗari.

Kada ku ɗauka na yarda da shi daga nan. Har na ajiye aiki, ba motarsa da ta wuce ni ban sa an sauke ta har ƙasa ba. Ban sake samun gungume ba, ban kuma daina dubawa ba. Alhaji Isiyaka bai koma masoyin itatuwa ba, ɗan kasuwa ne jiya da yau. Abin da ya sauya shi ne, da can ribarsa tana cikin itacen da ya faɗi, yanzu tana cikin wanda ke tsaye. Da ya ji an shiga kurmin marke da gatari, shi ke riga kowa zuwa ofis da ƙara, domin ya gane in gaɓar rafi ta zube, gonakin da ke ba shi reshe za su bi ta. Wannan shi ne abin da aikin ya koya mini: ba a tsare daji da kyakkyawan zato, ba a kuma tsare shi da tara kaɗai. Mutum yana kiyaye abin da ya tabbatar nasa ne, kuma ba ya tabbatarwa sai ya ga an bar shi ya taɓa.

Daga baya wasu baƙi sun zo daga babban birnin jiha da na'urorin ɗaukar hoto, suka kafa allo a bakin hanyar Dakko ɗauke da ranar ziyararsu, kamar a ranar aka fara. Ina roƙonku ku gyara wannan a kundin ofis. Ranar da ta cancanci a rubuta ita ce Larabar da ta biyo bayan kasuwar Mafara, a makon ƙarshe na bazara, a shekarar da masu itace suka daina shiga dajin Gidan Goga. A rubuta a gabanta: ranar da Malam Hantsi ya sare itace a gaban malamin daji, ba a ci shi tara ba.