Littafin da Muka Tsarga Uku

A zamanin da nake makarantar sakandare a Yerwa, Turawa ba su tafi ba tukuna, babban hutunmu yakan faɗo ne a tsakiyar damina. Ranar da za a sallame mu, Baturen da ke koya mana Turanci yakan shigo aji da tulin littattafai, ya ce kowa ya karance ɗaya kafin a dawo, domin ran komawa zai tsayar da mutum a gaban aji ya ba da labarin da bakinsa. Littattafan ba su kai yawanmu ba, sai ya riƙa rabawa gari-gari. A shekarar nan mu uku aka haɗa da littafi ɗaya: ni daga Potiskum, da wani ɗan Mamudo, da wani ɗan Fika. A taswirar da ke bangon ajinmu yatsa ɗaya yakan rufe garuruwan nan duka, saboda haka a ganin Bature maƙwabta ne mu.

'Yan gaba da mu sun riga sun koya mana dabara. A bayan motar da ta ɗauko mu, muna zaune a kan buhunan banda, ɗan Mamudo ya zaro reza ya tsarga littafin ta gindi gida uku. Ba mu ji tsoro ba, akwai baduku a kasuwarmu da ya saba ɗinke irin wannan ɓarna duk ƙarshen hutu, Bature kuma yakan kau da kai. Muka ja tsinke. Ɗan Mamudo ya sami farko, ɗan Fika ya sami ƙarshe, ni na tashi da tsakiya. Muka yi alkawari duk ran kasuwar Potiskum za mu haɗu a gindin tsamiyar masu ƙwarya mu yi musaya.

Ni dama tun ina ƙarami labarin soyayya ne cutata. Ƙananan littattafan nan da ake bazawa a kan tabarma a kasuwa, babu wanda ban karanta ba, wasu har na haddace. Amma ban taɓa faɗawa cikin labari ta tsakiya ba sai wannan karon. Shafina na farko ya buɗe ne da wata yarinya tana gudu a kan tudu, gashinta ya kwance, tana kiran sunan wani. Ban san ko wace ce ba, ban san wanda take kira ba, amma kafin in kai ƙasan shafin zuciyata ta riga ta bi ta a guje.

Da safe mukan tafi gona da Baba. In rana ta take aka ajiye fartanya, sai in sulale gindin ɗorawa in ciro takardun daga cikin rigata. A hankali na gane 'yar wani maƙeri ce a wata ƙasa mai sanyi, saurayinta kuwa yana aikin haƙar kwal a cikin wani rami mai zurfi. Turancin yana da wuya, wata kalmar sai in tsallake ta kamar kududdufi, amma yarinyar ba ta taɓa ɓace mini ba. In na ga mata a bakin rijiya sai in ga kamar tana cikinsu. In hadari ya haɗo daga gabas sai in ce yau za ta jiƙe a kan tudun nan.

Can wajen ƙarshen kasona ramin ya rufta da saurayin a ciki. Mazan garin suka leƙa, suka ce ƙofar da ta rage ta yi ƙanƙanta, ƙato ba zai shiga ba. Yarinyar ta ɗaura igiya a ƙugunta, ta karɓi fitila, ta ce su zura ta. Suka zura ta, suka zura ta, har muryarta ta daina isowa sama. Sai fitilar ta mutu. Igiyar kuma ta fara goguwa da bakin dutse. Na juya shafi, babu shafi. Rezar ɗan Mamudo ta yanke maganar a tsakiyar jimla.

Na tashi tsaye, na zauna, na sake tashi. Baba ya ɗago daga cikin gero ya ce, "Kai, kunama ce?"

Ran kasuwa tun hantsi ina gindin tsamiya. Ɗan Mamudo ya zo, ya ba ni farko, ya karɓi tsakiya. Ɗan Fika bai zo ba. Kasuwa ta zagayo, bai zo ba. A lokacin in an yi ruwa akan sa shinge a hanya, mota ba ta wucewa sai ƙasa ta sha iska, shekarar nan kuwa sama ba ta huta ba. Na karanta farkon, na san yadda suka haɗu a bakin maƙera, na ƙara sonta, abin ya ƙara muni. Hutu yana ta ƙarewa, ita kuwa tana nan rataye a cikin duhu.

Inna ce ta fara lura tuwona yana dawowa. Ta zaunar da ni a ƙofar ɗakinta.

"Faɗa mini gaskiya, wace ce?"

"Inna, tana cikin rami."

"Innalillahi! 'Yar gidan wa? An fito da ita?"

"A littafi ne, Inna."

Sai ta tura ni wajen ƙanenta, wai ko shi zai gane irin wannan ciwo. Kawun nan nawa ɗan kasuwa ne, rabin rayuwarsa a Yerwa ya yi ta, Hausarsa ma Barbarci ya riga ya lanƙwasa ta. Yana da keke da ba ya bari ko ƙuda ya sauka a kai. Na ba shi labari daga farko har inda igiya ta fara goguwa. Ya ajiye goron da yake ɓarewa.

"To sai me ya faru?"

"Sauran yana Fika, Kawu."

"Fika! Kai ɗan nan ba ka da kirki. Ka jefa 'yar mutane a rijiya, ka zo ka jefa ni, sannan ka ce Fika?" Ya tashi ya jawo keken da kansa. "In ka fasa mini taya, kada ka dawo garin nan. In ka dawo ba ka san ko ta fito ba, shi ma kada ka dawo."

Washegari da sassafe na kama hanya, farkon littafin a naɗe cikin tsohon buzu a bayan keke. Ban taɓa jin daɗin tafiya kamar wannan ba. Dawa ta yi kore shar a dama da hagu, iska tana kaɗa ta, ni kuwa ina taka feda ina ganin kaina mahayin da zai je ceto. Na wuce motoci a tsaye a bakin shinge, direbobi suna kwance a ƙarƙashinsu, na buga musu ƙararrawa. Inda taɓo ya yi yawa na sauka na saɓa keken a kafaɗa. A wani rafi wasu Fulani suka taya ni tsallakewa, suka tambaye ni ko rashin lafiya aka yi. Na ce kusan haka.

Na shiga Fika da la'asar, taɓo har gwiwa, hadari yana bina a baya. Na tarar da abokina ya dawo daga gona ke nan, ya yi baƙi ya rame. Mahaifinsa ya ce ba inda za shi sai an gama noman maimai. Bayan na gaida manya, na ja shi gefe.

"Ina ƙarshen?"

Ya sosa ƙeya. "Yana wajen ƙanwata."

Ashe tun da ya dawo yake karanta wa mutanen gidan kasonsa, yana juya musu da Bolanci. Ƙanwarsa kuwa, wadda ba za ta wuce sa'ata ba, ita ta karɓe takardun ta adana a cikin kwallar kakarsu don kada ɗanshi ya taɓa su. Muna cikin magana ruwa ya ɓarke. Aka shigar da mu babban ɗakin kakar, inda mata suka taru suna ɓarar gyaɗa. Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa ta ce da Hausarta mai nauyi, "Wannan ne sabon mijin nawa? Ai ko wanka bai yi ba ya zo zance."

Aka yi dariya. Na durƙusa na gaishe ta, idona yana kan kwallar da ke bayanta. Ƙanwar abokina ta lura, sai ta matsa ta zauna daidai gabanta. Doguwa ce, mai ɗan wushirya, hannunta bai daina ɓarar gyaɗa ba.

"Yaya na Potiskum, ƙarshen ka zo nema?"

"Don Allah, shafi ɗaya kawai zan duba."

"Mu fa tun farkon hutu muke riƙe da mutane a cikin rami, ba mu san iyayensu ba, ba mu san abin da ya kai su ba. Kullum Kaka sai ta tambaya wace irin yarinya ce za ta bi namiji cikin ƙasa. Ka ba mu naka tukuna."

"To ki gaya mini abu ɗaya. Ta fito?"

Ta jefa ƙwayar gyaɗa a baki ta tauna a hankali. "Na sani dai."

Ban ga mafita ba. Na gyara zama na fara daga bakin maƙera. Farkon yana hannuna, tsakiyar kuwa tana kaina, ban buƙaci takarda ba. Ina faɗa da Hausa, abokina yana juya wa tsofaffi, ruwa yana dukan jinka. Da na zo kan ramin kwal, wata goggo ta ce, "Kamar masu kuza a Jos ke nan," kowa ya gyaɗa kai. Da saurayin ya kawo wa yarinyar furen jeji, Kaka ta ce, "Ciyawa? Ko ɗan turare babu?" Tun ina jin kunya har na manta da kaina. Na miƙe tsaye, na yi muryar maƙeri, na yi gudun yarinyar a kan tudu, na jawo wani tsohon rawani da ke rataye na ɗaura a ƙuguna kamar igiya. Hannuwa suka tsaya cak a cikin ƙwarya. Yara suka cika bakin ƙofa, ruwa yana jiƙa musu baya ba su damu ba.

"Sai fitilar ta mutu," na ce. "Igiya ta fara goguwa da dutse. Nawa ya ƙare."

Na kwance rawanin daga ƙuguna. Na miƙa hannu wajen kwalla. Yarinyar ta girgiza kai.

"Turancinka zai ɓata mana lokaci. Zauna."

Ta karkaɗe zanenta, ta ɗauka daga daidai inda na tsaya. Igiyar ta tsinke, in ji ta, amma ƙasa ta riga ta kusa, yarinyar ta faɗi a kan yashi. Ta yi ta rarrafe a cikin duhu tana rera waƙar da take yi in tana zuga wa mahaifinta wuta, har ta ji an amsa mata daga bayan wani dutse. Ta tono saurayin da hannunta, farcenta duk ya kakkarye. Aka zuro sabuwar igiya daga sama, amma mutum ɗaya za ta iya ɗauka, ga ruwa ya fara tsattsafowa cikin ramin. Ta ɗaure saurayin, ta girgiza igiya, aka janye shi. Ita ta tsaya. Ruwa ya kawo mata gwiwa. Ya kawo mata ƙugu.

Nan ƙanwar abokina ta katse labarin, ta tashi ta leƙa waje. "Af, na bar tukunya a wuta."

"Wallahi ba ki isa ba!" Ban san lokacin da na faɗa ba. Mata suka fashe da dariya, Kaka har da riƙe ciki, domin su duk sun san ƙarshen, ni kaɗai ake gasawa.

Ta dawo ta zauna, ta dube ni ido cikin ido. Ta ce mazan sun gaji, hannuwansu sun tsattsage, sai matan garin suka ture su suka kama igiyar, har da tsofaffi. Suka ja, suka ja. Kai ya fara ɓullowa, sannan kafaɗa, baƙi ƙirin da kwal, tana tari.

"Da rai?"

"Da ranta. Tana fitowa ma ta ce yunwa take ji."

Na daka tsalle, ƙafata ta ture ƙwaryar gyaɗa, na yi waje da gudu cikin ruwa ina ihu, "Ta fito! Ta fito!" Yaran gidan suka biyo ni suna tayawa, awaki suka watse, wani maƙwabci ya leƙo ta kan danga yana tambaya ko haihuwa aka yi. Ina tsaye a tsakar gida, ruwa yana zuba a fuskata, na jiyo muryar Kaka daga ɗaki tana cewa a kamo mata mijin nan nata kafin ya faɗa rijiya, ita ba ta da ƙarfin jan igiya.