Kujerar Sallar Hureira

Hureira, Allah ya jiƙanta da rahama, 'yar Gumel ce. Aure ya kai ta Kano, karatun miji kuma ya kawo ta Kuala Lumpur. Mijin nata, Malam Maitama, ya zo yin digiri na uku, ita kuma ta biyo shi da 'yarsu Nuriyya, da kuka da daddawa ƙunshe a cikin zannuwa. Suka kama gida a wani tsohon bene a unguwar Sentul. Ba a jima ba ɗalibai marasa iyali suka gano ƙofarta. Ranar Juma'a daga masallaci sai gidan Maman Nuriyya, kowa da robarsa ta tafiya da abinci gida, tana zuba musu tuwo tana yi musu faɗan zaman gwauranci.

Mace ce mai jiki amma mai zafin nama, ba ta iya tafiya a hankali ba. Wata rana ta dawo daga sayen yadi a kasuwar unguwar Masjid India ana ruwa, santsin matakalar gidansu ya ɗebe ta, ƙashin gwiwarta ta dama ya tsage. A asibiti aka ɗaure, ƙashi ya haɗu, amma gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Malam ya sayo mata farar kujerar roba, a kanta take sallah, tana sunkuyar da kai a madadin sujada.

Ta san ya halatta, Malam ma ya sha karanto mata hujja. Takan ce, "Na ji, Malam, ban musa ba. Amma tun ina ƙarama goshina ya saba da ƙasa. Ni dai kafin in mutu ina so ya sake taɓa ta." Ba ta da wani buri da ya wuce wannan, kuma ba ta ɓoye shi ga kowa ba.

Maƙwabciyarta wata tsohuwa ce Ba'indiya, Anti Letchumi, wadda marigayi mijinta ya yi aikin jirgin ƙasa. A barandar da suke tarayya ta jera bokitan fenti cike da shuke-shuke. Cikinsu akwai wani tsiro mai gaɓa-gaɓa, mai kusurwa huɗu, yana bin ƙarfen baranda. Da tsohuwar ta ga yadda Hureira ke jan ƙafa, sai ta karyo damƙi guda ta miƙa mata, ta bugi tata gwiwar, ta ce, "Pirandai. Makan, makan." Wato sunansa pirandai, ta ci. Mutanensu sun daɗe suna cin sa don ƙashi da gaɓoɓi.

Hureira ta duba sai dariya. Ai sasarin kura ne! A jejin Gumel yake hawa bishiyoyi, mahaifinta kan daka shi ya ɗaura wa bijimi idan ya ji rauni. Tunda ta san shi tun tana yarinya, ba ta ga dalilin tambayar yadda ake sarrafa shi ba. Ta yi masa abin da Bahaushe ke yi wa kowane magani: ta daka shi ɗanye, ta jiƙa, ta tace, ta yi bisimilla ta kafa kai.

Kafin ta ajiye kofi hannuwanta sun kama ƙaiƙayi, maƙogwaro kamar ta haɗiyi ƙarangiya. Aminiyarta Sauda, wadda ke hawan ƙasa, ta shigo ta tarar da ita tana susa tana hawaye.

"Maman Nuriyya, maganin shanu kika sha?"

"Ke dai bari, Sauda," in ji ta da dasasshiyar murya. "Saniyar ma ta fi ni gata, ita ɗaura mata ake yi."

Sauda ta kira Anti Letchumi. Tsohuwar ta leƙa turmi, ta dafe kai. "Aiyo! Tak boleh lah!" Wato ba haka ake yi ba. Ta kawo ruwan tsamiya da nono ta ɗura mata, tana ta faɗa da yarenta, Hureira tana amsawa da Hausa, "Na ji, Anti, na tuba."

Washegari aka shiga makaranta. Anti ta shafe hannuwan Hureira da man riɗi tukuna, sannan ta nuna mata yadda ake zaɓar gaɓoɓi masu taushi, a feƙe kusurwoyin, a soya sosai har launi ya juya, a niƙa da tsamiya da barkono da tafarnuwa, a ci kaɗan da shinkafa. Hureira ta ɗanɗana ta ce da an sa daddawa da ya fi. Ta kuma sa ɗin a nata. Anti ta shinshina ta toshe hanci, amma ba ta hana ba.

Ta gaya wa likitanta. Ya ce ta ci kaɗan a matsayin abinci, amma kada ta kuskura ta bar motsa ƙafar da aka koya mata. Ba ta bari ba. Kullum da hantsi tana riƙe da ƙarfen baranda tana durƙusawa iya ƙarfinta, zufa na zuba, Anti na zaune tana tsinke ganye tana yi mata tsawa in ta yi ha'inci. Daga baya ta tara matasai a ƙasa tana sauka a kansu, in gwiwa ta saba sai ta zare ɗaya. Akwai lokutan da ƙafar ta kumbura ta koma baya, ta yi kuka, ta sake farawa.

Wata la'asar Sauda na gidan tana taya ta tsintar shinkafa. Hureira ta tada sallah a kan kujera kamar kullum. A raka'ar ƙarshe sai ta zame a hankali, ta dafa ƙasa, ta ɗora goshi a kan darduma. Ta daɗe a haka har Sauda ta tsorata ta ajiye faranti. Sai ta ga kafaɗunta na rawa, ta gane kuka take. Ta idar a zaune, ƙafar dama a miƙe.

Da ta yi sallama ta juyo, fuska sharkaf. "Sauda, zo ki ɗaga ni. Na yi shirin sauka, ban yi na tashi ba."

Likita ya ce motsa jiki ne. Anti ta ce pirandai ne. Hureira ta ce Allah ne, su biyun su je su sasanta. A ranar ta fitar da kujerar baranda, ta ɗora mata bokitin da Anti ta dasa mata nata reshen. Malam ya ce ta bar ta kusa ko don gaba. Ta ce in gaban ta zo a aro ta maƙwabta.

Ba a kai ga aron ba. Daga ranar a ƙasa take sallah, da ƙyar, da dafa bango, wani lokaci sai an kama ta. A shekarar da ta biyo, hawan jini ya kayar da ita wata safiya tana ɗora tukunya, ba ta farfaɗo ba. A nan Kuala Lumpur aka rufe ta, ɗaliban da suka ci tuwonta su suka ɗauki makara. Sauda na cikin masu wanka, ta ce ta ga ɗan duhun sujada ya dawo a goshinta.

Da Malam ya gama karatu zai koma gida da Nuriyya, an kwashe komai, aka zo kan kujera. Tsiron ya sauko ya naɗe ƙafafunta, ya ɗaure ta da ƙarfen baranda, ba ta fita sai an yanke shi. Anti Letchumi ta tsaya a gabanta ta girgiza kai. Aka bar mata. Kujerar tana nan har yau, Anti ke ba tsiron ruwa, ranar da ta gaza kuma Sauda ta hau.