Kofin Da Bai Auna Ba

Shekara talatin da huɗu ya yi yana aikin duba ma'auni, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa ya koma kiransa Baba Sikeli. Yakan shiga shagon mai nama ko na mai hatsi da akwatin duwatsun awo, ya ɗaga farantin sikelin ya leƙa ƙarƙashinsa kafin ma ya amsa gaisuwa. Ya sha ciro maganaɗisu da aka liƙa da ƙaro, ya sha ganin mudun da aka bubbuga gindinsa. Daga nan ya gina ƙa'idar da ya rayu a kanta: duk inda awo ya gaza, akwai hannun wani a ciki. Ƙa'idar ba ƙarya ba ce. Aibinta ɗaya, ba ta faɗi hannun wa ba.

Bayan ya yi ritaya ciwon ƙugu ya kwantar da matarsa. Likita ta ce sai an yi tiyata, ta sa rana nan da mako goma, amma da sharaɗi: jinin matar takwas ne, ba za ta taɓa ta da wuƙa ba sai ya kai goma. Aka rubuta mata ƙwayar ƙarin jini, ɗaya kowace safiya. Baba Sikeli ya karɓi aikin a hannunsa. Ya yi nazari cewa jini daga abinci yake, kuma a saninsa babu abin da ya kai madara gina jiki. Saboda haka kullum da safe yakan auna cokali uku na madarar gari, ya dama da kauri, ya kai mata har bakin gado da ƙwayar a tafinsa, ya tsaya har ta haɗiye.

Mako shida aka yi haka. Da aka sake gwaji, jinin ya tashi daga takwas zuwa takwas da ɗigo biyu.

Ya daɗe yana kallon takardar. Awo ya gaza, ke nan akwai hannu. Ya fara da mai kyamis: ya kwashi ragowar ƙwayoyin ya kai wani shago a ƙarshen gari, ya sa aka duba lamba da ranar lalacewa, aka ce masu kyau ne. Ya koma kan ɗakin gwaji, domin ya san na'ura ma tana ƙarya idan an daɗe ba a daidaita ta ba. Ya ɗauki matar a mota, tana cije leɓe a kowane rami, ya kai ta wani asibitin. Sakamako bai canza ba. Har ƙarƙashin katifa ya laluba, ko tana ɓoye ƙwayar a kunci ta tofar. Bai sami komai ba sai ɗan kunne guda da ya ɓata tun bara.

A makon ne ƙanwar matar ta zo jinya, da jakarta da buhun gwaiba daga bishiyar gidanta. Tela ce, mai baki, kuma ita kaɗai ce a dangi ba ta shakkarsa. Da shigarta ta ce masa ya kawo sikeli ya auna ta tun yanzu, kada ranar tafiya ya ce ta ƙara nauyi da abincin gidansa. Ta kuma ce daga yau kofin safe nata ne, shi ya je ya huta.

Bai huta ba. Ya ja layi da fensir a cikin gwangwanin madara, ya auna shi a ɓoye. Kwana uku a jere nauyin bai ragu da safe ba, sai da la'asar. Ya sunsuni kofin matarsa a wurin wanke-wanke, ya ji ƙamshin gwaiba, ya ga 'ya'yanta a rariya. Ya haɗa hujjojinsa yadda ya saba haɗa rahoto: ana ba marar lafiya ruwan 'ya'yan itace, wanda a ganinsa ruwa ne mai launi kawai, madara kuwa tana fita a lokacin da ƙanwar ke shan shayinta. Saura mako huɗu ba cikakku ba.

A rana ta huɗu ya shiga ɗakin daidai lokacin da ake miƙa ƙwayar, ya ajiye gwangwanin a kan tebur, ya karanto musu nauyinsa na kowace rana. Ya ce bai zargi kowa ba, yana dai son a yi masa bayanin inda madarar la'asar take zuwa.

"Cikin matarka take zuwa, ranka ya daɗe," in ji ƙanwar. "Ko ita ma za ka ja mata layi da fensir? Yaya, ki gaya masa, ko ni in gaya masa."

Matar ta juya kofin a hannunta. Ta ce tun ranar farko nas ta gargaɗe ta kada ta sha ƙwayar da madara ko shayi, ta sha da ruwa ko da wani abu mai ɗan tsami, madarar kuma ta bari sai bayan awa biyu ko fiye. A lokacin shi yana waje, yana gardama da mai sikelin auna marasa lafiya.

Ya tambaye ta abin da ya hana ta faɗa, mako shida cur.

"Malam, shekara arba'in muna tare," ta ce, "ban taɓa ganin ka kawo mini ko ruwa da hannunka ba sai wannan karon. Na ce a raina in na yi magana za ka daina."

Wani mijin da a nan zai sauko. Shi kuwa ya ɗauka baki suka haɗa, domin labarin ya yi masa daɗin ji da yawa, kuma aiki ya koya masa tsoron bayani mai daɗi. Washegari ya tafi wurin likita da tambayoyi bakwai a rubuce.

Likitar ta amsa su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce bai yi kuskure ba game da darajar madara: tana da furotin mai gina tsoka, da maiƙo, da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, kuma mai shirin tiyatar ƙugu tana bukatarsu. Ruwan gwaiba ba shi da waɗannan sai kaɗan, ba zai taɓa maye gurbinta ba. Sai dai madara kusan ba ta da sinadarin ƙarfe, wanda shi ne ke cikin ƙwayar, kalsiyam ɗinta kuma yana rage yawan ƙarfen da hanji ke tsotsa idan suka haɗu a ciki. Gwaiba kuwa cike take da bitamin C, wanda ke taimaka wa ƙarfen ya shiga jini. Ya tambaya wanne ya fi. Ta ce tambayar ce ba daidai ba. Kowanne da aikinsa da lokacinsa. Ta ƙara da cewa ba za ta rantse madarar kaɗai ce sanadi ba, amma ita ce abin da ya fi kusa.

A hanyar gida ya bi lissafin da kansa, bai sami inda ya karkace ba. Ya binciki mai kyamis, da na'ura, da katifa, da ƙanwar matarsa. Abu ɗaya ne bai ɗora a sikeli ba, shi ne kofin da ke hannunsa, kuma dalilin da ya sa bai ɗora shi ba shi ne ya san niyyarsa mai kyau ce. Sau nawa mai nama ya rantse masa da kyakkyawar niyya, shi kuma ya amsa cewa niyya ba ta cika kilo?

Bai ba kowa haƙuri da baki ba, ba halinsa ba ne. Ya dai karɓi rariyar daga hannun ƙanwar, ya ce ta nuna masa yadda ake tacewa, ya hana a sa sukari. Ita kuma ta ce ya wanke hannu tukuna, ta ga fensir a farcensa.

Ranar gwajin ƙarshe jinin ya kai tara da ɗigo shida. Likita ta ɗaga tiyatar da mako uku. Mako uku ke nan na ƙarin ciwo, na juyi a gado da ƙyar, kuma ya san daga inda suka fito. Bai nemi wanda zai ɗora wa ba. A cikinsu kullum yakan shiga ɗakin sau biyu, da gwaiba da ƙwaya da safe, da madara bayan la'asar. Aka yi tiyatar a sabuwar ranar, jininta goma da ɗigo uku.

Ta daɗe da miƙewa, an daɗe da daina ƙwayar, amma kofunan biyu ba su daina zuwa ba. Ƙanwar takan ce har yau in ta aiko da gwaiba sai ya auna buhun a bakin ƙofa.