Igiyar da ta Ɗaure Ostap

Tun asuba Yarina take fille kawunan kifi a kasuwarmu, jini har gwiwar hannu, idonta na kan ɗanta Ostap da ke rarrafe ƙarƙashin tebur. Ya shekara biyu bai taɓa takawa ba.

"Yarina, ki saya masa keken guragu mana," in ji wata mai sayar da kabeji.

Yarina ta finciko yaron ta tsayar da shi, ta sari ƙasa da wuƙa sau uku tsakanin ƙafafunsa, yadda tsofaffi ke yanke igiyar ɓoye da ke hana yaro tafiya.

Ya yi taku ɗaya, ya kife cikin ruwan jini yana tsala ihu. Ba ta ɗauke shi ba. Ta ja baya kaɗan, ta buɗe hannuwa.

"Taso, Ostap."