Rijiyar Gindin Marke

Mai Rijiya ake ce masa, ko bayan da ya daina shiga rami. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, yatsunsa sun lanƙwashe saboda riƙon diga. A zamaninsa babu injin haƙa. Mutum zai dubi itatuwan wuri, ya murza ƙasar a hannu, sannan ya ɗaura igiya a ƙugu ya fara. Ya haƙa wa jama'a rijiyoyi da dama, amma guda ɗaya yake kira tasa: wadda ya haƙa a ƙofar gidansa na da, a gindin wani marke, ya jera mata duwatsu tun daga ƙasa har baki.

Da aka mai da yankin gandun daji, sai aka kwashe mutanen ƙauyen zuwa sabuwar unguwa a bakin titi, inda ake layi a famfo. A nan matarsa ta rasu, a nan ya tsufa a ɗakin da babban ɗansa ya ba shi. Burinsa ɗaya, ya leƙa rijiyar nan kafin ya mutu, ya ga ko har yanzu tana da ruwa. Duk sanda ya tayar da zancen, ɗan ya ce an hana shiga, ko ya ce hanya ba kyau. Autarsa ce ta gaji da jin maganar, ta kai shi.

A ƙofar gandun aka haɗa su da jagora, mutum mai ladabi, sanye da kaki.

"Baba, doka ɗaya ce," in ji shi. "Ba a sauka daga hanya."

"Hanyar nan matata ta bi ta da tulu a ka. Yau kuma ni ake koya wa ita."

"Baba, ka fara ko?" Auta ta ce, ta kama masa gwiwar hannu.

Dajin ya yi kyau, wannan ko shi bai musa ba. Inda gonaki suke a da, kirya da kanya sun haɗe sama. Zabin daji suka ƙetare a guje. Burtu biyu na takawa cikin ciyawa kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Jagora ya ɗaga hannu, suka tsaya cik: barewa ce da ɗanta, kunnuwa a miƙe. Auta ta manta da komai, ta ɗaga waya tana ɗauka. Tsohon kuwa idonsa na can gaba. Ya gane tsamiyar da ake ɗaure jakuna, ya gane tudun da ya rage na katangar maƙwabcinsa, birai sun yi sahu a kai.

"Ga marken can," ya ce.

Da jagora ya ji labarin rijiyar, ya waiwaya bai ga kowa ba, sai ya ce, "To mu je, amma a bayana."

Babu rijiya. Sai wata da'irar duwatsu da ƙyar ake ganinta, cike da jar ƙasa, ciyawa ta tsiro a kai, ƙadangare na shan rana a tsakiya.

"Cike ta aka yi, Baba," jagora ya ce a hankali. "Ɗan gwanki ya taɓa faɗawa, sai aka ce a rufe tsofaffin rijiyoyi duka."

"Akwai ruwa a ciki da aka rufe ta?"

"An ce akwai. Har an ce ta fi sauran ba da wahala."

"Wa ya rufe?"

"Leburori aka ɗauko daga sabuwar unguwa. Wanda ya san wuraren shi ya jagorance su."

Mai Rijiya ya juyo ya dubi autarsa. Ita kuwa ƙasa take kallo.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Yayanki ne?"

"Lokacin babu aiki, Baba. Mama na kwance, ga magani. Ya ce in ka ji, ba za ka sake cin abincin gidansa ba."

"Ke ma kin sani, kika bar ni ina ta surutu kamar mahaukaci."

"Shi ya sa na kawo ka. Bakina ya kasa faɗa maka."

Sai ya durƙusa da ƙyar, ya dafa ƙasar da tafin hannu, ya danna nan, ya danna can. Ya sa sandarsa a gefen wani dutse, ta shige har rabi.

"Dubi nan," ya ce wa jagora. "Zuba ta kawai ya yi, bai daddanne ba. Damina mai ƙarfi ɗaya, za ta lotsa, wata dabbar ta karye."

"Zan gaya wa ofis, Baba."

"Ka gaya musu. Yaron nan na koya masa haƙa, bai koya ba. Ashe cikewar ma bai iya ba."

Ya miƙa wa Auta hannu ta tashe shi. Ta tambaye shi ko su wuce gida, ya ce mata gidanta dai, in akwai inda za a shimfiɗa masa tabarma.