Tsarabar Husna daga Jidda

Asubar fari muka bar Zariya, ladanin unguwarmu ko gyaran murya bai gama ba. Mu huɗu ne a motar da za ta kai mu filin jirgin Kano, duk mata, duk da niyyar Umara, kowacce da akwatin da ya fi ƙarfinta. Ana loda kaya yaran gidana suka kewaye ni da saƙon tsaraba. Wannan agogo, wancan jallabiya, autan kuwa cewa ya yi raƙumi yake so, mai rai. Husna kaɗai ce ta tsaya jikin ƙofa ba ta nemi komai ba.

Ga waɗanda ba su sani ba, Husna 'yar ƙanwata ce marigayiya Rabi. Tana ƙarama uwar ta rasu na ɗauko ta, yanzu shekararta goma sha biyu, kuma Mama take kirana kamar sauran. Yarinya ce da ba ta iya roƙo ba, ko takalminta ne ya tsinke sai dai ki gani da idonki. Na ce, "Ke fa?" Sai ta matso ta faɗa mini a hankali cewa littafi take so. Littafin Turancin nan da yara suka haukace a kansa, na wasu yara da ake kai su makarantar kwana su koyi sihiri. Kashi-kashi ne, ta karance na farkon duka a hannun wata ƙawarta, ƙawar kuma sun ƙaura Abuja da na ƙarshen. Direba na ta danna hon, ban tsaya wani tunani ba na ce an gama. Tun da nake da ita wannan ne abu na farko da ta taɓa buɗe baki ta nema a wurina.

Hanyar Kano ta yi mana kyau fiye da yadda na zata. Mun tsaya a Kwanar Dangora muka karya da ƙosai mai zafi da kunun tsamiya, wanda shi ne abinci na ƙarshe da na saya ba tare da na yi lissafin canji ba. A jirgi aka haɗa ni kujera da wata tsohuwa da ba ta taɓa hawa ba. Tun daga tashi har sauka tana riƙe da damtsena tana salati, har yanzu akwai shatin yatsunta.

Labarin Makka ba zan iya ba da shi yadda ya kamata ba. Na ga Ɗakin Allah na fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya, na yi wa iyayena addu'a, na yi wa Rabi, gwiwoyina kuma suka ba ni haɗin kai har na gama Safa da Marwa da ƙafata. A masauki ne muna hirar tsaraba na ambaci saƙon Husna. Ɗaya daga cikin abokan tafiyar, mace mai kirki amma magana ba ta kwana a bakinta, ta riƙe haɓa.

"Yanzu ke Hajiya kin zo kin wanke zunubanki tas, sai ki haɗa zamzam da littafin matsafa a akwati ɗaya?"

Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Na yi alkawari, kuma ga shi ban san abin da na yi alkawarin ɗaukowa ba.

Kwanakinmu na ƙarshe a Jidda muka yi su. Duk wanda ya ce muku ya san zafi, ku tambaye shi ko ya je Jidda. Zafi ne mai laima, kana fitowa daga mota ya rufe ka kamar an buɗe maka murfin tukunyar dambu. Abokan tafiyata suka kama otal, ni kuwa na sauka a Ammariyya gidan Hajiya Amna, dangin kakata. Kakanninsu ne suka taso aikin Hajji a ƙafa tun zamanin da, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida, daga baya aure ya kawo ta Jidda. Hausarta irin ta tsofaffin da ce, da kalmomin da rabon da in ji su tun rasuwar kakata, sai kuma ta ɗora musu Larabci a kai ta wuce abinta.

Ammariyya tsohuwar unguwa ce, benaye sun sha jiki, na'urorin sanyaya ɗaki na ta ɗigar da ruwa a kan masu wucewa, kyanwoyi kuwa sun fi na Zariya ƙiba da rashin kunya. Da safe akan aiko da gurasar tamis mai zafi daga wurin wani Bayamane a bakin layi, a haɗa da ful, wato wake da aka dafa ya yi lugub aka zuba masa mai. Da rana Hajiya Amna ta yi mini asida da miyar busasshiyar kuɓewa, ta tsaya tana jiran in yi mamaki. Na ce mata Hajiya wannan ai tuwo ne ya je Sudan ya canza suna. Bayan kowane abinci sai gahawa mai citta a 'yan ƙananan kofuna, turaren wuta na tashi a gefe. Ban taɓa jin baƙunta a gidan nan ba ko na awa ɗaya.

Kasuwar Balad da ƙafa muka je. Tsofaffin gidaje masu tagogin katako da aka sassaƙa, lunguna masu ƙamshin turare da kayan yaji, ga 'yan kasuwa daga kowace ƙasa sun haddace Hausar ciniki. Wani Ba'indiye ya tare ni da "Hajiya zo, araha, kyauta ne!" Kyautar tasa da na juya ta zuwa Naira sai da na nemi wurin zama. Shawarata ga mai zuwa ita ce ya daina juya Riyal a kansa, in ba haka ba ko ruwa ba zai sha ba. Na sayi dabino, na sayi agogo da jallabiya, autana kuma na samo masa raƙumin roba mai waƙa.

Sai saƙon Husna. Na shiga wani ɗan shagon littattafai, na tarar da dattijo mai farin gemu zaune tsakanin Alƙur'anai da littattafan hadisi. Ya yi mini maraba, ya tambayi abin da nake so. Jama'a, ta ina zan fara? In ce masa jiya na sauko daga Makka, yau ina neman littafin yara masu sihiri? Ƙarshenta na sayi littafin addu'o'i, irin wanda nake da guda biyu a gida, na fito ina gumi.

Da yamma na ba Hajiya Amna labari. 'Yarta Rihab, haifaffiyar Jidda mai aikin jinya a wani asibiti, tana gefe tana danna waya. Tun da na zo gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, don tana jin Hausa sarai amma mayarwa ke ba ta wuya. Tana jin bayanin littafin ta yar da wayar.

"Ya Khala, wallahi? Ni na karanta shi duka, da Larabci, sau uku! Khalas, gobe ni in kai ki."

Hajiya Amna ta taɓe baki. "Ni ma na taɓa ɓoye mata shi cikin buhun shinkafa. Daga baya na ce, mu da aka raine mu da labarin mayu da dodon kogi, wa ya zama maye a cikinmu? 'Yar taki tana salla? To halas."

Washegari yayan Rihab, wanda ke tuƙa wasu masu kuɗi a Abhur, unguwar bakin teku, ya samu hutu ya ɗauke mu har da Hajiya Amna. Muka biya wani katafaren kantin littattafai a arewacin gari, mai sanyi kamar cikin firji. Rihab ta wuce kai tsaye ta zaro littafin, ƙato, ya yi kaurin bulo. A gaban kantar na ga wata 'yar Larabawa da wani yaro ɗan Pakistan kowanne rungume da nasa, iyayensu na tsaye da fuska irin tawa. Sai na ji kunyar ta ragu, na biya.

Daga nan muka wuce Abhur. Titi shimfiɗaɗɗe, gidaje masu dogayen katangu, sai ga teku shuɗi shar. Muka shimfiɗa darduma a inda kowa ke zama, aka kawo soyayyen kifi da jar shinkafa. Iska ta fara kaɗawa, yara na ta guje-guje. A nan na tambayi Rihab abin da ke cikin littafin nan da yake hana yara barci.

Da Hausarta mai ɗingishi ta ba ni labari. Tana kamar shekarun Husna iƙamar babansu, wato takardar izinin zama, ta samu matsala da kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, makaranta ta tsaya mata, suna zaune a unguwar Mahjar ba shiga ba fita. Wata 'yar maƙwabta ce ta ara mata na farko.

"Ba sihirin ba ne, Khala. Ya'ani, yaro ne ba wanda ya damu da shi, sai aka zo aka ce kai ma kana da waje, ga makarantarka, ga gadonka, ga abokanka. Ni ina ɗaki a kulle, su suna zuwa makaranta, sai in bi su."

Ta ci gaba da ba ni labarin faɗan abokai da shiryawarsu, da malamai masu tsanani, da fargabar jarrabawa, da satar fita. Na ce ashe makarantar kwana ce irin wadda na yi, bambancin kawai su tsintsiyarsu tashi take yi, mu kuwa shara muka sha da tamu. Rihab ta yi dariya har da ƙwarewa. Sai ta tambaye ni labarin Husna, na gaya mata 'yar ƙanwata ce da ta rasu.

"Subhanallah, kamar yaron littafin. Maraya ne, a gidan khalarsa ya tashi, 'yar'uwar mamansa."

Na ce, "Ta riƙe shi da kyau dai ko?"

Ta kalli uwarta, ta kalli teku. "La, Khala. Ba ta da kirki."

Kifin nan ya fita raina. Rihab ta shiga gyara magana, amma ta riga ta fita. Wato yarinyar da nake riƙo ta kwashe watanni tana karanta labarin maraya a hannun muguwar inna, ni kuma ina ta murna tana son karatu. Na san halina, ina da faɗa, muryata har maƙwabta. Amma ai kowa nake yi wa. Ko ita ba haka take gani ba? Hajiya Amna ta ce in na koma in tambaye ta mana. Na ce Hajiya a wurinmu ba a yi wa yaro irin wannan tambayar. Ta ce to a fara daga kaina.

Da wannan tunanin na hau jirgi. Littafin a jakar hannuna na sa shi, ba don maganar zamzam ba, don dai akwatina ya riga ya wuce kilo.

Mun sauka lafiya, gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, dabino ya ƙare kafin in zauna. Da na miƙa wa Husna littafinta ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta yi ta godiya, daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba sai lokacin salla da abinci. Na bari sai da ƙafa ta ɗauke. Wata ranar da la'asar muna zaune mu biyu a tsakar gida muna tsinkar zogale, na daure na ɗauko zancen ta nesa.

"An ce yaron littafin nan naki a gidan innarsa ya tashi, kuma wai ba ta da kirki."

"Kai Mama, ai wannan muguwa ce," ta ce tana dariya. "Ni tsallake wurinta ma nake yi."

Na sauke ajiyar zuciyar da na ɗauko tun daga Abhur. Har na ɗauka magana ta ƙare, sai ta ci gaba, idonta a kan tire.

"Inda na fi so shi ne in ya haɗu da wanda ya san mamansa, ya ba shi labarinta. Wurin nake ta maimaitawa."

Tun da Rabi ta rasu muka tattara hotunanta muka adana, muka daina ambaton sunanta a gaban yarinyar. Haka muka taso muka ga ana yi, wai kada a fama wa maraya ciwo, kuma da zuciya ɗaya muka yi. Ban taɓa kawowa a raina cewa tana jira ba.

Na ce, "Rabi ba ta cin zogale. In an yi kwaɗo sai ta tsince ƙulin tas ta tura mini ganyen, in na yi magana ta riga ni kuka."

Husna ta ɗago ta zuba mini ido. "Da gaske, Mama?"

Na ba ta labarin ranar da uwarta ta hau mangwaron maƙwabta ta kasa saukowa, da yadda take dariya har sai ta zauna a ƙasa, da waƙar da take yi mata in tana goye da ita. Muka yi dariya, muka yi kuka kaɗan, zogalen dai ranar ba a ci shi ba.

Masu tambayata abin da na samo a wannan tafiya, na samo da yawa, alhamdu lillahi. Na yi ibadata, na ga dangi, na ga teku. Na kuma gane cewa in yaro ya manne wa littafi, akwai abin da yake nema a ciki, kuma ya kamata babba ya tambaya kafin ya yanke hukunci. Husna ta gama littafinta cikin 'yan kwanaki, ta ara wa wata. Yanzu kullum na idar da sallar la'asar sai in ji ta jawo kujera kusa da ni ta zauna, ta ce, "Mama, sai kuma me ta yi?"