Ƙudan Zuman Baba da Feshin Auduga

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba aka tura ni Tambuwal aikin malamin gona. Aka ba ni keke da famfon feshi na goyo, aka ce in koya wa manoma fesa wa auduga maganin ƙwari. Ina ji da kaina sosai a lokacin.

A wani ƙauye kusa da Fakku, ta wajen Kebbe, wani dattijo ya ba ni gonarsa in yi gwaji. Akwai amya bakwai da ya ɗaura a kan ɗorawa a bakin gonar, amma ko kallonsu ban yi ba. Auduga tana cikin fure, na yi feshi da hantsi, na kama hanya.

Bayan kwana huɗu na koma. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya ba ni ruwa, sannan ya ajiye ƙwarya a gabana. Cike take da matattun ƙudan zuma.

"Malam, da hannuna na tsince su," in ji shi. "Tun zamanin babana suke bisa iccen nan."

Da ƙyar na ce, "Baba, ka yafe mini. Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba, ɗana. Shi ya sa nika gwada maka."

Ya kai ni gonar, ya nuna mini lokacin da ƙudan zuman suke fita kiwo da lokacin da suke komawa. Ya nuna mini yadda yake barbaɗa wa wake toka, da yadda yake sauya wa auduga wuri kowace damina. Ni da na zo koyarwa, na wuni ina rubutu a littafina.

Muka daidaita: ba feshi sai an ga tsutsa da ido, shi ma sai dab da magariba, kuma kunya goma na kusa da ɗorawar ba a taɓa su.

Amya biyar ba su sake rayuwa ba. Biyu suka tsira. Da kaka ta zagayo ya aiko mini da zuma a ɗan tulu har Tambuwal, da saƙon cewa in riƙa lasa da safe, don ya lura feshin yana sa ni tari.